Ƙamshin Adakata Ya Cuci Jikana

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina ɗauke da wannan magana a ƙirjina, yau dai na ce bari in sauke ta a shafinku ko wata ta karanta ta tsira. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Ni mutuniyar wani ƙauye ce a gefen Runka, amma tun da zaman ƙauye ya gagara muka kwaso 'yan komatsanmu muka dawo cikin Batsari, ni da maigidana da yara. A lokacin da abin nan ya faru na ba arba'in baya, kuma in aka ce tsafta a unguwarmu, to ni ake nufi. Tsakar gidana sau uku nake share ta a yini. Ba na cin abincin kowace mace sai na leƙa madafarta. Ga ni da baki, in na ga ƙazanta ba na iya haɗiyewa, a gaban mutum nake faɗa masa, ya ji haushi in ya ga dama. Duk wadda ta haihu a layinmu ni ake kira in yi wa jariri wanka, har abin ya hau mini kai, na ɗauka a kan goyo babu wanda zai koya mini komai.

Ina da wata adaka ta ƙarfe tun ta aurena. Ranar da muka baro ƙauye na bar gado, na bar tukwane, amma ita sai da aka ɗaure mini ita a bayan babur. A cikinta nake adana zannuwan goyo da 'yan riguna da huluna, kuma tun ina amarya uwata ta koya mini zuba kafur, wannan farin mai kamar alewa da ake sayarwa a ƙulle a leda, don kyankyaso da gara da warin damina. Duk wanda ya narke sai in sayo wani ranar kasuwa in ƙara. In na buɗe adakar nan ƙamshin har zaure yake kaiwa, ni kuwa in ji daɗi, don a wurina wannan shi ne ƙamshin kayan mace mai hankali.

Ɗiyata ta fari tana aure a wajen Babban Duhu, gidan Fulani ne masu noma da kiwo. Da cikinta na fari ya tsufa aka kawo mini ita goyon ciki kamar yadda aka saba. Tsakiyar damina ta haihu a asibitin garinmu, namiji, lafiyayye, mai ƙarfin kuka, aka sallame mu ran nan. Ko da yake kunyar 'yar fari ba ta bari in nuna murna a gaban mutane, a cikin raina kamar in taka rawa. Muna isowa gida na buɗe adaka. Na ciro masa riga da hula da safa da wani farin shawul da na yi shekara biyu ina ɓoyo, ban wanke ko ɗaya ba, don me zan wanke abin da yake fes yana ƙamshi? Na naɗe shi tsaf, na sa labule biyu a ƙofar ɗakin jego, na toshe 'yar tagar da tsumma saboda iskar damina, na ajiye kaskon garwashi a gefe. Ɗakin ya yi ɗumi, ya yi duhu, ya cika da ƙamshi. Duk wadda ta shigo barka sai ta yaba.

A kwana na uku kakarsa ta wajen uba ta iso a kan babur, ta sha hanya, ƙafafunta duk taɓo. Dattijuwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Ta zo da man shanu a kwalba da wasu tsofaffin zannuwa guda biyu da ta wanke ta shanya, ta ce a riƙa shimfiɗa wa yaro, sun yi laushi. Na karɓa da yatsa biyu. Warin hayaki na ji a jikinsu, na yi godiyar baka, tana juya baya na cusa su ƙarƙashin gado. Bayan mun gama gaisawa, ta tambayi mai jego da kwanan jariri da gajiyar hidima, sai ta karɓe shi ta matsa bakin ƙofa, ta ɗage labule. Ta daɗe tana kallonsa. Ta danna masa karan hanci da yatsa ta saki, ta buɗe idonsa. Sannan ta kira ni Yaya, ta ce a hankali, ita dai launin yaron nan bai kwanta mata ba, ta ga kamar ya yi ɗorawa, ko a daure a mai da shi asibiti a duba. Wallahi dariya na yi. Na ce mata ikon Allah, yau kuma Bafulatana ce ke tsoron farar fata? Ai ku ya ɗebo, ja ne irin na gidanku, in ba ku so ku bar mana abinmu. Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi ɗan murmushi ta miƙo mini shi. Na sake labulen.

Washegari yaro ya kama barci. Sai a tashe shi a ba shi nono, ya ɗan tsotsa sau biyu ya saki. Ni kuwa ina ta yabonsa, ina cewa ga yaro mai haƙuri, ba irin uwarsa ba da ta hana ni runtsawa wata uku. Da ya yi atishawa sau biyu na ce sanyi ne ya shige shi. Nan na aikata abin da har in mutu ba zan manta ba. Na ɗauko kafur guda uku sababbi, na daka su, na ƙulle a ɗan ƙyalle na tura ƙarƙashin matashin kansa, wai ya riƙa shaƙa hancinsa ya buɗe. Da hannuna na yi, ina bismilla.

Da yamma ɗiyata ta same ni ina dama kunun kanwa. Ta ce Inna, ita fa gabanta faɗuwa yake yi, nononta ya cika har yana yi mata ciwo, yaro ya ƙi kamawa, ko mu je a duba shi kamar yadda surukarta ta faɗa. Na hau ta da faɗa. Na ce haihuwa ɗaya har ta fara koya mini? A ina ta taɓa ganin an fita da jariri kafin suna, ana ta ratsa mutane da shi, kowane ido ya kalla? Ita kuma da ɗanyen jiki za ta hau babur a cikin wannan ruwa? Na ce in ma ciwon shawara ne, wane jariri ne ba ya yi, gobe in rana ta fito zan ɗan nuna shi ga hantsi, shi ke nan. Ta sunkuyar da kai ta koma ɗaki. Yarinya ce mai biyayya, ni na tarbiyyantar da ita a kan kada ta musa mini.

Kwana na biyar na ga fitsarinsa ya ɓata farin shawul ɗin nan, ya yi duhu kamar ruwan shayi. Ku ji abin kunya, abin da ya dame ni a lokacin shi ne tabon. Na tsaya ina cuɗa shi da sabulu ina tsaki, na sake buɗe adaka na ciro masa wani zanen.

Ranar kwana shida da hantsi, gida ya cika da masu aikin suna, ana surfe ana jiƙa gero, uban yaron ya iso da rago. A lokacin ne muka ji wani kuka daga ɗaki, siriri, mai tsini, ba irin kukan jariri ba. Na shiga da gudu. Na tarar ya banƙare, kansa ya koma baya, hannuwansa sun sandare, idanunsa sun yi sama. Ɗiyata tana riƙe da shi tana kiran sunan Allah. Uban ya tsaya a bakin ƙofa, kunyar suruka ta hana shi shigowa, sai juyi yake yi. Ni kuwa har a lokacin bakina bai mutu ba, cewa nake yi iska ce, a kira malam, a kawo hayaƙi. Kakarsa ta wajen uba, wadda tun zuwanta take kwana a ɗakin baƙi ba ta sa mana baki, ita ce ta ratsa mu ta shigo. Ba ta kalle ni ba. Ta karɓe yaron daga hannun uwarsa, ta fita da shi tsakar gida, ta ce wa ɗanta ya tayar da babur. Da hasken rana ya sauka a kansa na ga abin da labulena ya ɓoye mini. Yaron ya zama ruwan ɗorawa tun daga goshi har tafin ƙafa, leɓɓansa kuwa fari fat. Na bi su ko takalmi ban sa daidai ba.

A asibitin garinmu ma'aikacin yana ganinsa ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, mu wuce Katsina yanzu yanzu. Muka samu mota. Duk tsoron da nake yi wa hanyar nan, ranar ban tuna da shi ba. A cikin motar ma sai da na ce, don in wanke kaina, mu dai a danginmu ba a irin wannan ciwo. 

A babban asibiti wata likita ce ta karɓe mu, yarinya ce, ba za ta girmi ɗiyata da yawa ba. Nan da nan aka tuɓe shi, aka ɗebi jininsa, aka rufe masa ido aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila shuɗiya. Sannan ta zaunar da mu ta shiga tambaya, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. Yaushe ya fara canza launi? Kakarsa ta wajen uba ce ta amsa, ta ce kwana uku da suka wuce. Yaushe ya daina shan nono? Fitsarinsa fa? An ba shi wani magani? An sa masa lalle? An shafa masa hodar nan mai sanyi? Duk muka ce a'a. Sai ta dubi zanen da aka tuɓe masa da ke kan cinyata, ta ce Mama, a cikin me ake ajiye kayansa? Da alfahari na faɗa mata, har da na ƙarƙashin matashi, ina jiran ta ce na kyauta. Ta ajiye bironta.

Ta kira ni Mama ta ce in saurara da kyau, ba faɗa za ta yi mini ba. Ta ce jinin mutum cike yake da wasu 'yan ƙwayoyi jajaye da ido ba ya gani, su ke ɗaukar numfashi su kai ko'ina a jiki. Kowace ƙwaya Allah ya sa mata wani sinadari a ciki da ke kare ta in guba ta taɓa ta. To akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wannan sinadari, ƙwayoyinsu kamar ƙwai ne mai taushin ɓawo. Lafiyarsu ƙalau, suna iya girma su tsufa ba wanda ya sani, sai ranar da suka gamu da abin da ƙwayoyin ba sa jurewa. Kafur yana cikin manyansu. Ba sai an ci ba, tururinsa kaɗai ya isa, yana shiga ta hanci da ta fatar jariri, sai ƙwayoyin su yi ta fashewa. Daga nan ta ɗauki duk abin da muka faɗa mata ta mayar mini da shi ɗaya ɗaya. Farin leɓɓa, ta ce jinin ne ya ƙare. Fitsari mai duhu, ragowar ƙwayoyin da suka fashe ne ke fita. Launin ɗorawa, wani datti ne da fasassun ƙwayoyin ke saki, hantar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi duka ba, sai ya taru a jiki. Barcin da nake yabo da ƙin nono, alamar dattin ya fara hawa kai ne. Wannan kuka da banƙarewa kuwa, ta ce, ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta ce za a gwada jini a tabbatar, amma ita kusan ba ta da shakka. Ina zaune ina jin kwanakin nan shida suna wucewa ta gabana, kowace rana da abin da Allah ya nuna mini, kowace rana da amsar da na bayar.

Sai ta yi tambayar da ta ƙarasa ni. Ta ce abin gado ne, ta wajen uwa yake bi, kuma maza ya fi kamawa, ko a danginmu an taɓa rasa jariri namiji da shawara? Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna. Ɗana na biyu, wanda ke bin wannan ɗiyar tawa, kwana tara ya yi a duniya. Ya yi ɗorawa, ya banƙare, ya tafi. Aka ce iska ce, na yarda, na yi kuka na share hawaye. Kayan da na sa masa daga cikin adakar nan suka fito. Shekara ashirin da wani abu ina cewa Allah ya karɓi abinsa, ban taɓa sanin da hannuna a ciki ba. Ban san lokacin da na zame daga kan benci na zauna a ƙasa ba. Wadda ta ɗaga ni, ta gyara mini mayafi, ita ce matar da na yi wa dariya a gaban mutane.

Ran nan aka yi masa canjin jini, ana zare nasa kaɗan kaɗan ana zuba masa wani. Washegari aka yanka rago a Batsari aka raɗa suna, mai sunan yana kwance tsirara ƙarƙashin fitila da ƙyalle a ido. Sakamakon gwaji ya fito kamar yadda likitar ta faɗa, ta rubuta mana sunan abin a kati da haruffa da lamba, ta ce duk asibitin da za a kai shi a nuna, don akwai magungunan da ba a ba irinsu. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Ranar sallama na tare ta a baranda na tambaye ta abin da ke cina, na ce da a ce ranar da kakarsa ta yi magana aka kawo shi fa? Ta so ta kauce, na ce ta faɗa mini don Allah. Ta ce da an raba shi da kayan nan, mai yiwuwa fitilar kaɗai ta ishe shi.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma wata shida wuyansa bai tsaya ba. Aka yi ta tafa hannu a bayansa, aka saki kwano a ƙasa, ko gezau. Yanzu yana zama in an jingina shi, yana dariya in ya ga fuskar da ya sani, kyakkyawa ne kamar ubansa, amma ba ya tafiya, ba ya ji. Duk wata uwarsa ke goya shi zuwa Katsina wajen masu motsa gaɓoɓi, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Adakar kuwa, muna dawowa na fitar da ita bayan gida na ƙone duk abin da ke ciki.

Na je har gidansu na durƙusa a gaban kakarsa na nemi gafara. Ta ce in tashi, ita ma tana da nata laifin, da ta gani ai da ta dage, kunyata ta ji. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ɗiyata kuwa ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, abin da take cewa kawai, Inna ai ba ki sani ba. Amma bara da ta sake haihuwa ba ta zo gida ba, a can ta yi jegonta, ni ma ban tambayi dalili ba. Da na je barka na yi wanka da sabulu zalla, na sa kayan da suka yini a rana. Na miƙa hannu zan karɓi jaririyar, sai na ga ɗiyata ta ɗan matso, ta kai hancinta kusa da mayafina kafin ta sakar mini ita. Ba ta san na lura ba. Ban ji haushinta ba ko kaɗan, gaskiyarta ce, amma a hanyar dawowa na yi kukan da ban yi ba tun a asibiti.

Rashin sani ba shi ne ya fi ci mini rai ba, don uwata ma ba ta sani ba, haka ta tarar. Abin da ke hana ni sukuni shi ne sau biyu aka faɗa mini, surukar ɗiyata ta faɗa, ɗiyata ta faɗa, na toshe musu baki don ina ganin na fi su. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana mata, musamman mu kakanni da ake kawo wa goyon ciki. Ku raba kayan jariri da kafur, ko na shekara nawa ne a akwati ku wanke ku shanya su sha rana, don ba a gane yaron da jininsa ba ya jurewa da ido. Ku fito da jariri haske kowace safiya ku dubi idonsa da tafin hannunsa. In kun ga ɗorawa, ko ya cika barci ya ƙi nono, kada ku jira suna, kada ku tsaya nuna shi ga hantsi, ku tafi asibiti a ranar. In kuma wata ta ce muku launin yaro bai kwanta mata ba, ko ba kwa ganinta da gashi, ku tashi ku duba.

Ku sa jikana a addu'a. Uwarsa har yau in tana yi masa wanka waƙa take yi masa, tun daga farko har ƙarshe, ta san sarai ba ya ji. Ni kuwa in ta fara sai in tashi in fita waje.